Tafiyar Shekara Bakwai Domin Damƙin Ƙura

Ranar 24 ga Satumba, 2023, wani ɗan akwati da girmansa bai wuce tayar babbar mota ba ya keto sama, ya buɗe lemarsa, ya sauka a hamadar jihar Yuta ta ƙasar Amurka. Kumbon da ya sako shi, mai suna OSIRIS-REx, ba shi da matuƙi, kuma ya shafe shekara 7 yana tafiya, ya ci fiye da kilomita biliyan 6 tsakanin zuwa da dawowa. Da aka buɗe akwatin aka auna abin da ke ciki, sai aka sami baƙar ƙura da tsakuwa giram 121.6, abin da ba zai cika gwangwanin madara ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kashe sama da dala biliyan 1 kafin wannan ƙura ta iso hannunta.

Duk wanda ya ji wannan lissafi, musamman irinmu da kan ƙirga kwanakin wata da yatsu, dole ya tambaya ko hankali ne ya sa aka yi wannan aiki, ko kuwa wadata ce ta yi wa mutane yawa. Tambayar tana bisa hanya, ba kuma za mu kauce mata ba. Ra'ayinmu shi ne ƙurar ta ci kuɗinta, domin shaida ce da babu hannun da ya taɓa ta, babu ruwan da ya jiƙa ta, tun kafin a sami ƙasar da muke takawa. Kuma duk wanda ya fahimci dalilin da ya sa aka je nesa haka aka ɗebo ta, zai sake duban duwatsun da kan faɗo a gonakinmu da hamadarmu da wani ido dabam.

Bari mu fara da abin da ake nufi da duwatsun sararin samaniya. Bisa binciken masana, kimanin shekara miliyan 4,567 da suka wuce, rana da duniyoyin da ke kewaya ta sun fara haɗuwa ne daga wani makeken gajimare na iska da ƙura. Ƙura ta manne da ƙura ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama dutse, duwatsu suka yi ta karo suna haɗewa har aka sami duniyoyi. Amma kamar yadda magini kan bar ragowar tubali da ƙasa a gefen gida bayan ya gama aiki, haka wannan gini ya bar ragowa. Mafi yawanta tana tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, inda ƙarfin jan Jufita ya hana ta dunƙulewa wuri guda. Na farko da aka gano a cikinsu, Siris, wani masani ɗan Italiya mai suna Giuseppe Piazzi ne ya hango shi ranar 1 ga Janairu, 1801. Yau an san fiye da miliyan 1, amma da za a tara na wannan yanki duka a ɗora bisa sikeli, ba za su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba.

Me ya sa ragowar ta fi ginin amfani ga mai neman asali? Domin ƙasarmu ta goge tarihinta da kanta. Tun farkonta ta narke, ƙarfe mai nauyi ya nutse can tsakiya, duwatsu masu sauƙi suka taso sama. Daga nan ruwan sama da iska da aman wuta da motsin ƙasa suka yi ta niƙa duwatsun suna sake toya su har yau. Ƙasa ta zama kamar allon da aka yi ta wankewa ana sake rubutu, har ba a iya karanta abin da aka fara rubutawa. Ƙananan duwatsun sama kuwa da yawansu ba su taɓa yin zafin da zai narkar da su ba. Abin da aka gina duniyoyi da shi yana nan a jikinsu, kusan yadda yake tun farko. Wanda yake son sanin da wace irin ƙasa aka yi tubali, gara ya duba wadda ba a toya ba.

Aika mutum irin wannan wuri ba abu ne mai yiwuwa ba a yanzu. Tafiyar tana cin shekaru, babu iska, babu ruwa, kuma ƙarfin jan irin waɗannan duwatsu ƙanƙane ne ƙwarai, har mutum zai iya yin tsalle daga kan wasunsu ya tafi ke nan. Saboda haka aka koma ga kumbuna masu sarrafa kansu. A 1991 kumbon Galileo ya ɗauki hoton dutsen Gaspra a kan hanyarsa ta zuwa Jufita, karo na farko da aka ga irin wannan dutse daga kusa. A watan Fabrairun 2001 kumbon NEAR Shoemaker ya sauka a kan Eros bayan ya shekara yana kewaya shi. Kumbon Dawn ya ziyarci Besta a 2011, sannan Siris a 2015. Duk waɗannan sun aiko da hotuna da awo, amma na'urar da kumbo zai iya ɗauka ba ta kai ko kusa da waɗanda ke cikin ɗakunan bincike na ƙasa ba. Mataki na gaba shi ne a ɗebo a kawo gida.

Japanawa ne suka fara yin haka, kuma labarin kumbonsu na farko ya isa a ba wa yara. Sunansa Hayabusa, wato shaho. Ya tashi a watan Mayun 2003, ya isa dutsen Itokawa a 2005. Daga nan masifu suka yi ta bin juna. Na'urorin da ke daidaita tsayuwarsa suka lalace, mai ya tsiyaye, harsashin da aka shirya zai harba domin tayar da ƙura bai tashi ba, sannan aka daina jin ɗuriyarsa har kusan mako 7. Injiniyoyin ba su sallama shi ba. Suka yi ta aika saƙo cikin duhu har ya amsa, suka haɗa sassan injuna biyu da suka lalace suka tayar da guda, suka lallaɓo shi gida. Ranar 13 ga Yuni, 2010, shekara 3 bayan lokacin da aka tsara, akwatinsa ya sauka a Wumera ta ƙasar Ostireliya, shi kuma kumbon ya ƙone a sama. A cikin akwatin aka tsinci ƙwayoyin ƙura kimanin 1,500, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Da su aka tabbatar da abin da aka daɗe ana zato, cewa mafi yawan duwatsun da kan faɗo ƙasa daga irin su Itokawa suke ɓallowa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ga shi kuwa an dafa.

Magajinsa, Hayabusa2, ya tashi a Disamban 2014 ya nufi Ryugu, wani baƙin dutse mai faɗin kusan mita 900. Ya taɓa shi sau biyu a 2019. Tsakanin taɓawar farko da ta biyu ya harba dunƙulen jan ƙarfe mai nauyin kilo 2, ya haƙa rami mai faɗin fiye da mita 10, domin a sami ƙurar ciki wadda hasken rana bai gasa ba. A Disamban 2020 ya kawo giram 5.4, cikin cokalin shayi ɗaya ke nan, alhali abin da aka sa rai kashi ɗaya cikin goma na giram ne kawai.

Sai kuma Bennu, dutsen da OSIRIS-REx ya je, mai faɗin kusan mita 500. A nan ne aka ga gaskiyar karin maganar nan, gani ya kori ji. Awon da aka yi daga ƙasa da madubin hangen nesa ya nuna cewa za a tarar da shimfiɗaɗɗen rairayi, har aka tsara kumbon domin sauka a fili mai faɗin mita 50. Da ya isa a Disamban 2018, sai aka tarar da manyan duwatsu ko'ina, wasu sun kai gidan bene. Wurin da aka samu daga ƙarshe bai fi inda 'yan motoci kaɗan za su tsaya ba. Kuma a ranar ɗiba, 20 ga Oktoba, 2020, kumbon yana nesa da mu fiye da kilomita miliyan 320, saƙo yana ɗaukar sama da minti 18 kafin ya isa. Babu mai iya riƙe masa linzami daga nan, dole shi da kansa ya riƙa kwatanta abin da yake gani da taswirar da aka loda masa, ya yanke shawarar sauka ko ja da baya. Da hannunsa ya taɓa dutsen, sai ya nutse kusan rabin mita kamar an tsoma hannu a buhun ƙaiƙayi. Ashe Bennu tarin tarkace ne da ɗan ƙarfin ja ya riƙe. 

A nan wani zai ce, to ai duwatsun nan suna faɗowa da kansu kyauta, ɗakunan ajiya na duniya cike suke da dubbansu, mene ne na kashe biliyan a bi su gida? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan waɗannan tafiye-tafiye, kuma amsarta tana cikin wani abu da kowace uwa a gidajenmu ta sani, wato kanwa. A watan Janairun 2025 masu binciken ƙurar Bennu suka bayyana cewa sun sami gishiri iri-iri a cikinta, har da ma'adinin da masana ke kira tirona, wanda shi ne jigon kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi da Manga. Ba a taɓa ganinsa a wani abu da ya zo daga wajen ƙasa ba sai a nan. Mun san yadda kanwa ke samuwa: ruwa mai gishiri ya taru a tafki, rana ta ƙafar da shi, ya bar farin ɓawo. Ma'ana, babban dutsen da Bennu ya ɓallo daga jikinsa ya taɓa ɗauke da ruwan gishiri a cikinsa, ruwan ya ƙafe, tun farkon samuwar duniyoyi.

Mun kuma san abin da kan sami kanwa idan ta sha ruwa. Dutsen da ya faɗo da kansa ya ratsa iska cikin wuta, ya kwanta a ƙasa ya sha raɓa da ruwan sama, ƙwayoyin cuta sun shige shi, hannaye sun jagwalgwala shi. Gishirin da ke cikinsa ya narke ko ya sauya kama tun kafin masani ya gan shi. Ita kuwa ƙurar Bennu, tun daga hamadar Yuta aka lulluɓe ta da iskar naitirojin, aka kai ta cibiyar Johnson da ke birnin Hiyuston, ba a bari iskar da muke shaƙa ta taɓa ta ba. Tsananin kiyayewar har ya kai ga abin da zai ba mutum dariya: biyu daga cikin kusoshi 35 da suka ɗaure murfin suka ƙi kwancewa, masanan kuma suka ƙi sa kowane irin ƙarfe da ba a tantance tsabtarsa ba. Sai da aka ƙera sababbin kayan aiki, aka buɗe a Janairun 2024, bayan fiye da wata 3. Alƙali ba ya daidaita shaidar da ta bi ta hannu goma da wadda aka ɗauko a rufe daga inda abu ya faru. Abin da biliyan ɗin ya saya ke nan.

Bayan gishiri, an sami 14 daga cikin sinadarai 20 da ake kira amino asid, waɗanda jikin kowane mai rai ke gina furotin da su. An kuma sami dukan sinadarai 5 da ke zama haruffan rubutun gado a cikin ƙwayoyin halitta. Tun kafin haka an ga wasu daga cikinsu a ƙurar Ryugu. Wajibi ne mu yi taka-tsantsan a nan, domin labari kan ƙara gishiri idan ya bi ta wayoyi. Ba a sami rai a Bennu ba, ba a kuma sami alamar cewa rai ya taɓa zama a can ba. Tarin tubali ba gida ba ne. Abin da aka tabbatar shi ne kayan ginin suna samuwa a sarari ba tare da mai rai ya yi su ba, kuma duwatsun da suka yi ta faɗowa ƙasa a farkon zamaninta suna iya kasancewa sun kawo su tare da wani kaso na ruwa. Har ma an sami sabuwar tambaya. Waɗannan sinadarai suna zuwa da siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu, masu rai a ƙasa kusan duka na hagun suke amfani da shi, amma a Bennu an tarar da su kusan daidai wa daida. Dalilin da ya sa rai ya zaɓi hagu yana nan yana jiran mai amsawa.

Saura maganar kuɗi. Gaskiya ne dala biliyan 1 za ta gina azuzuwa masu yawa. Amma kuɗin an kashe shi ne cikin shekaru fiye da goma, mafi yawansa kuma albashin injiniyoyi da masu bincike da ɗalibai ne, ba a ɗora shi a kumbo an harba sama ba. Dukan kasafin NASA bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka ba. Sannan wannan ilmi yana da ranar da zai yi. Ranar 15 ga Fabrairu, 2013, wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya tarwatse a saman birnin Celyabinsk na Rasha, ya raunata mutum kimanin 1,500, yawancinsu da fasassun gilasai. Shi kansa Bennu, lissafi ya nuna yana da damar 1 cikin 2,700 ta faɗo wa ƙasa a shekarar 2182. Ranar 26 ga Satumba, 2022, aka gwada maganin irin wannan: kumbon DART ya yi karo da gangan da wani ɗan dutse mai suna Dimorphos, ya rage lokacin da yake ɗauka yana kewaya abokinsa da fiye da rabin awa. Wanda zai ture abu kuwa dole ya san ko dunƙulallen dutse ne ko tarin tsakuwa, domin ba turi ɗaya suke so ba. Dutse idan ya taso ba ya tambayar wace ƙasa ce ta biya kuɗin bincike, don haka rigakafin na kowa ne.

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da ya fi kama zuciyar duk mai hulɗa da yara. NASA ta yanke cewa aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙurar Bennu za a ajiye shi ba a taɓa ba, domin masanan da za su zo nan gaba da na'urorin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Ba yau aka fara ba: wani bututun ƙasar wata da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka rufe a 1972, sai a 2022 aka buɗe shi. Masanin da ya fara jagorantar aikin Bennu, Michael Drake, ya rasu a 2011, 'yan watanni bayan an amince da shirin, bai ga ko tashin kumbon ba, almajirinsa Dante Lauretta ne ya ƙarasa. Sunan dutsen ma wani yaro ɗan shekara 9, ɗan aji uku na firamare, ya raɗa shi a wata gasa a 2013, ya ɗauko shi daga sunan wani tsuntsu mai kama da zalɓe a tarihin tsohuwar Masar. Kafin akwatin ya sauka, yaron ya zama saurayi. Aiki ne na masu dasa itacen da ba lalle su sha inuwarsa ba, kuma mu malaman ƙananan azuzuwa ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi.

To, idan wasu sun yarda su kashe wannan dukiya da shekaru domin damƙin ƙura, ya kamata mu tambayi kanmu yadda muke yi da wanda ya zo har ƙofar gida. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, cikin lardin Katsina. Daga baya aka gano ɓallin duniyar Mas ne, wanda karon wani dutsen ya cillo shi sarari, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da iskar Mas. Yau gutsattsarinsa suna warwatse a ɗakunan bincike da hannun masu tara kayan tarihi a ƙasashe da dama, har an liƙa ɗan ƙanƙane a jikin wani kumbo da ya tafi Mas a 1996. Sunan Zagami sananne ne ga masanan duwatsun sama a ko'ina. Yara nawa ne a Katsina suka taɓa jin labarin?

Ranar 3 ga Afrilu, 1984, wani ya faɗo a yankin Gujba, cikin jihar Yobe ta yanzu. An ƙiyasta nauyinsa da kusan kilo 100, kuma irinsa yana da wuyar samu ƙwarai, shi ne ma na farko a danginsa da aka ga faɗowarsa da ido. Mutanen wurin suka farfasa shi, aka rarraba, mafi yawansa ya bazu. Ba mu ga laifinsu ba, domin babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke hannunsu, rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. A Nijar kuwa, an tsinci wani ɓallin Mas mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas a Nuwamban 2023. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyu Yok kan fiye da dala miliyan 5. Kamfanin ya ce ya bi ƙa'ida, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya fita daga ƙasar. Ko yaya binciken ya ƙare, dutsen ya riga ya tafi.

Akwai wata hanyar, kuma Sudan ta nuna ta. A Oktoban 2008 masu hangen sama a Amurka suka gano wani ɗan dutse mai faɗin kusan mita 4 yana nufo ƙasa, saura ƙasa da kwana ɗaya ya iso. Wannan ne karo na farko da aka ga dutse tun yana sarari kafin ya faɗo. Ya tarwatse a saman hamadar Nubiya ranar 7 ga watan. A Disamban shekarar, malamin Jami'ar Hartum Muawia Shaddad, tare da masani Peter Jenniskens, suka kwashi ɗalibai suka jera su sahu, suka riƙa taka hamada a ƙafa suna duba yashi. A zagaye da dama suka tsinci gutsattsari kusan 600, aka sa musu suna Almahata Sitta, wato tasha ta shida, saboda tashar jirgin ƙasan da ke kusa. An rubuta inda aka tsinci kowanne, kuma sunayen 'yan Sudan suna cikin waɗanda suka wallafa sakamakon. Ba su harba kumbo ba. Abin da suka mallaka shi ne malami da ya san darajar abin, da ɗalibai da suka yarda su sha rana.

Wannan kuwa bai fi ƙarfinmu ba. A yawancin ƙauyuka, idan an ga abin da ba a gane ba, wurin malamin makaranta ake fara kai shi. Ya dace kowannenmu ya san abin da zai ce. Idan aka ga wuta ta ratsa sama da ƙara kamar tsawa, sannan aka tsinci dutse mai baƙin ɓawo kamar an ƙona shi, mai nauyin da ya fi girmansa, kada a wanke shi, kada a fasa shi, kada a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. A ɗauki hotonsa a inda yake, a sa shi a leda mai tsabta da ba ta da danshi, a rubuta rana da lokaci da wurin, da sunayen waɗanda suka gani, sannan a sanar da sashen nazarin ƙasa da duwatsu na jami'a mafi kusa. Yawancin abin da za a kai zai zama dutsen gida ne kawai, ba kuma abin kunya ba ne. Guda ɗaya na gaske ya isa ya biya wahalar sauran.

Ba za mu ce wa talakan da dutse ya faɗo a gonarsa ya ba da shi kyauta ba, alhali dillali na tsaye da kuɗi a hannu. Wannan ba adalci ba ne, kuma ba zai yi aiki ba. Abin da muke kira gare shi shi ne hukumomi su fitar da ƙa'ida bayyananna: a yi wa kowane dutse rajista, a biya wanda ya tsinta haƙƙinsa daidai da daraja, a kuma tabbatar wani kaso ya zauna a jami'a ko gidan tarihi na ƙasar, inda ɗalibanmu za su gan shi su yi nazari. Idan masu kumbo sun iya ajiye kashi 70 domin jikokinsu, mu ma muna iya ajiye wani abu domin namu. Wannan ja-in-ja tsakanin ɗaukar dutsen sama a matsayin shaida da ɗaukarsa a matsayin haja ba a wurinmu kaɗai yake ba, domin Amurka a 2015 da Lukzambag a 2017 sun yi dokokin da suka ba kamfanoni damar mallakar abin da suka haƙo a sarari. Ƙasar da ba ta da masana a fagen ba za ta sami bakin magana ba ranar da za a zauna rabo.

Tafiyar ba ta ƙare ba. Kumbon Lucy, wanda aka sa wa sunan tsohon ƙwarangwal ɗin da aka tono a Habasha a 1974, yana kan hanyar duwatsun da ke tafiya a layin Jufita. Kumbon Psyche zai isa wani dutse mai yawan ƙarfe a 2029. Shi ma OSIRIS-REx, bayan ya sauke akwatinsa, an juya akalarsa zuwa Apophis, dutse mai faɗin kusan mita 340, wanda zai gifta kusa da mu ranar 13 ga Afrilu, 2029, da tazarar kusan kilomita 32,000, ƙasa da inda taurarin ɗan adam masu kawo mana talabijin suke. Lissafi ya tabbatar ba zai taɓa mu ba. Mutanen Afirka suna cikin waɗanda za su iya ganinsa da ido a daren, kamar ɗan tauraro yana tafiya a hankali tsakanin 'yan uwansa. Babu shakka jita-jita za ta riga shi isowa, za a tsorata mutane a kasuwa da cikin wayoyi. Ya kamata kafin wannan dare a ce a kowace unguwa akwai yaron da zai iya nuna shi da yatsa, ya faɗa wa iyayensa sunansa, da inda ya fito, da dalilin da ya sa babu abin tsoro.